Baba Ya Ce Da Sauƙi

Shekara ashirin da bakwai kenan da rasuwar babanmu, Malam Haruna mai hatsi. A cikin motar Kontagora nake rubuta wannan a waya, yanzu muka wuce Tegina, hanya sai jijjiga mu take. Duk shekara a wannan watan muna haɗuwa a gida, Inna ta soya waina a raba sadaka, a yi masa addu'a. Duk shekara kuma sai wani cikin tsofaffin abokansa ya shigo gaida Inna, ya ba da labarin yadda Baba ya rasu, yana ba da shi kamar kirari. Na daɗe ina saurare ina gyaɗa kai. Bana dai ina so in faɗe shi yadda yake a raina.

Shekarata goma a lokacin. Baba masara da wake yake saye a kasuwar Auna da ƙauyukan gefenmu, ya cika babbar mota ya bi ta har Ibadan. Ba ya yarda kaya su tafi ba shi, gaban mota yake shiga a matse, gwiwa a naɗe. Zamanin mulkin soja ne, mai ya yi wuya, in mota ta kwana a layin gidan mai shi ma a zaune zai kwana. Tafiyarsa ta ƙarshe sun daɗe a hanya fiye da kullum. Ya dawo ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ita kaɗai, in ka taɓa ka ji zafi rau. Inna ta ce sanyin hanya ne. Ta dafa ruwa ta gasa masa, ta mulke da man kaɗe safe da yamma. Abin da kowace mace a unguwarmu za ta yi kenan. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ni karatunsa na fara lura da shi. Baba yana da dogon numfashi, in ya ɗauki Alƙur'ani bayan asuba har zaure ake jinsa. Ran nan sai na ji yana tsayawa a tsakiyar aya, ya ja iska, ya ci gaba, hannunsa dafe da gefen ƙirji. Inna ta ce, "Malam, yau kam asibiti." Bai musa ba, shi da zazzaɓi ma bai taɓa kai shi can ba.

Amma sai da ya yi wanka. Ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ya shafa turare. Inna ta ce ina ruwan mara lafiya da kwalliya, ya ce ba a zuwa gaban likita kamar wanda aka tsinto a kwata. A bakin zaure ya tsaya ya huta, ya ce min, "Uwata, ajiye min kununa, yanzu zan dawo." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ya hau kabu-kabu, Inna ta hau wani ta bi bayansa. Ganina da shi na ƙarshe kenan, farar riga tana kaɗawa a kwanar masallaci.

Ban je asibitin ba, ba kuma zan faɗi wanne ne ba, don ba mai laifi nake nema ba. Abin da na sani a bakin Inna na tsince shi, kaɗan-kaɗan. Likita ɗaya ne ranar, ga kuma mutanen da mota ta kife da su an kawo. Nas ɗin da ke tsaye a ƙofar sashen gaggawa da ido take aiki. Mai jini ya wuce, mai ihu ya wuce, wanda aka ɗauko ranga-ranga ya wuce. Ta iso kan Baba ta ga mutum fes, da ƙafarsa ya shigo, har ya riga ta gaisuwa. Ta ce, "Baba, yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ta nuna masa benci.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To ban da fuskar Baba. Wa ma ya taɓa jin an gaida ɗayanmu da jiki ya ce babu sauƙi? Mutum na gargara, haka zai ce maka. Tarbiyyarmu ce, kuma a tsakar gida tana da kyau, tana kwantar wa mai dubiya hankali. A ƙofar asibiti kuwa wadda ta tambaye ka ba dubiya ta zo ba.

Tun hantsi yake kan bencin nan. Da layi ya zo kansa sai ga wata mata daga Kaboji da yaro a kafaɗa yana ta shiɗewa, Baba ya ce ta shiga. Da ya sake zagayowa, wani tsoho ne fitsari ya ƙi fita masa yana murƙususu, Baba ya ce ai babba ne, ya fara. Inna na gefensa tana jin numfashin na fita guntu-guntu, tana kallon zufa ta jiƙa wuyan rigar. Ta ce min maganar ta zo mata har baki. Amma ta yaya za ta miƙe a cikin mutane ta ƙaryata mijinta? Da aka kira azahar ya ce bari ya yi alwala kafin a neme shi. Ya miƙe, ya ɗan taka, ya faɗi. Nan take aka yo kansa, likita ya bar abin da yake yi ya fito a guje. Gaggawar da bai samu a zaune ba ya same ta a kwance, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Likitan ya duba ƙafar. Ya ce wa Inna yana zargin jini ne ya daskare a jijiya saboda dogon zama, gudan ya ɓalle ya je ya toshe hanyar jini a huhu. Zargi ne kawai, babu na'urar da za ta tabbatar. Ya ce da ya ga ƙafar nan da safe akwai allurar da zai gwada. Bai ce da Baba ya rayu ba, ya dai ce da ya gwada. Ni kuwa ina gida na rufe kunu da faifai, ina korar ƙannena kada su taɓa.

Ranar sadakar uku matar Kabojin nan ta nemo gidanmu da tambaya, da 'yar dawa a ƙwarya, Hausarta ma ba ta fita sosai. Ta ce yaron ya tashi. Ta ba da labarin a tsakar gida, mata na kuka suna cewa mutuwar mutumin kirki kenan. Na taso ina alfahari da labarin nan. Sai da na girma, na koma Abuja, na koyi kutsawa a layin banki da na mota, sannan na fara jin wani abu kamar haushi. Ɗan mutane ya tashi, alhamdulillahi. Mu fa? Yaya Isuhu, babbanmu, barin makaranta ya yi ya kama ɗaukar buhu a kasuwa don mu ci.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce in ya ga asibitin yau. Akwai ɗan abin da ake maƙala wa mutum a yatsa ya nuna ko iska na isar jininsa, wannan ba ya jin gaisuwa. A manyan asibitoci akwai na'urar da ke haska huhu ta nuna gudan jinin ƙiri-ƙiri. Zai riƙe baki ya ce ikon Allah. Amma bencin na nan. Likita kaɗan, mutane har waje, na'urar kuma sai an yi tafiya. Ciwon nan ba ya zubar da jini a gani, ba ya sa ihu, mai shi yana iya hira da kai, shi ya sa yake saurin ɓacewa a cikin layi, alhali shi ne wanda ba ya jira. Ina jin da Baba zai dawo yau, da ya sake ba da layinsa.

Na san haka ne don bara na gan shi ya dawo a jikin Yaya Isuhu. Yaya ya faɗi a babur ya karye a ƙafa, mai ɗori ya ɗaure shi, ya daɗe a kwance. Na zo hutun Babbar Sallah na tarar yana magana yana hutawa a tsakiyar zance. Na kalli ƙafar, ta kumbura kamar ta Baba. Muka sa shi a keke napep, ni da Inna, sai asibiti. Sai da ya tsayar da mu aka miƙo masa hula.

Nas ɗin yarinya ce, ba ta kai ni ba. Ta ce, "Sannu Malam, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

Na ce, "Sista, babu wani sauƙi. Numfashinsa ba ya kaiwa, ƙirjinsa na ciwo, ki duba ƙafar nan."

Yaya ya harare ni. "Ke, wa ya tambaye ki? Ba ki ga mutane a gabanmu ba? Haka kuke yi a Abujar taku?"

Nas ta tsaya tana kallonmu, ta rasa wa za ta gaskata. Inna kuwa irin matan da ce. Yaya ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, "wancan" take cewa, ko lokacin ɗorin daga bakin ƙofa take yi masa sannu. Sai ga ta ta miƙe daga kan benci, ta gyara mayafi, ta ce a hankali, "'Yar nan, kada ki ji ta Isuhu. Haka ubansa ya ce, ina zaune."

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Yaya ya sunkuyar da kai. Aka maƙala masa abin a yatsa, nas ta kalla, ta tafi da sauri ta kira likita. Kafin la'asar an yi masa allurar tsinka jini, washegari aka tura mu babban asibiti, aka ga gudan. Yana nan da ransa, shi ne ma zai ɗauke ni a tasha.

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ni kuma ina ta auna me za a gada. Ba zan ce Baba ya yi kuskure da ya bar wa yaron can layi ba. Wataƙila yanzu magidanci ne a Kaboji, da nasa 'ya'yan. Kwana in ya ƙare ya ƙare, mun yarda. Amma alherin bai buƙaci ya ɓoye ciwonsa ba. Da ya faɗi gaskiyar jikinsa, nas ce za ta zaɓi wanda zai fara shiga, aikinta ne, ba nasa ba. In na tashi na ba tsohuwa kujera a mota, Baba ne. In na kasa fita unguwa da riga a yamutse, shi ne. A ƙofar asibiti kuwa gadon Inna na ɗauka, wanda ta yi shekara ashirin da shida tana riƙe da shi a baki.

Gobe abokin nasa zai shigo ya sake ba da labarin. Ba zan katse shi ba, 'yar Malam Haruna ce ni, shi ya sa na kawo nawa nan. In ƙafa ɗaya ta kumbura, numfashi ya gajarta, ku tafi yadda kuke, ku faɗa yadda yake. Allah ya jiƙan Baba, ya sa sauƙin nan da ya ambata ya same shi a can.