Rigar da Mainasara Ya Ƙi Saya

Mainasara ya shekara bakwai a New York bai mallaki rigar sanyi ba. Ba rashi ba ne. Direba ne a ofishin jakadancin ƙasarmu, inda ni Shitu nake aikin masinja, kuma in masinja ya iya sayen kwat, ai direba ba a magana. Taurin kai ne kawai irin na Zagezagi. Ni kuwa Bakano ne, abokin wasansa, don haka abin da mutanen ofis suke faɗa a bayan idonsa, ni a gabansa nake faɗa.

A 1963 ya zo, ni na biyo bayansa da shekara guda, muka kama haya a bene ɗaya a unguwar Highbridge. Da sanyi ya shigo sai ka ga ikon Allah. Zai saka singileti, ya ɗora suwaita biyu, ya kawo kaftani, sannan ya zuba babbar riga a sama, ya naɗe wuya da rawani. Haka zai gangaro daga tudun unguwarmu kamar buhun gyaɗa an yi masa ƙafafu, iska tana shiga ta wannan hannun rigar tana fita ta wancan.

"Bazazzagi, don girman Allah ka sayi kwat," in ce masa. "Kana ba mu kunya a jirgin subway."

"Ku Kanawa ne kuka zo zama," ya ce. "Duk inda kuka ga kasuwa kun ga gida. Ni baƙo ne. Wannan sanyin shi ne na ƙarshe, baɗi war haka ina Tudun Wada ina fifita."

Dokarsa ke nan: wanda ya sayi rigar sanyi ya sayi zama. Kuma ba riga kaɗai ba. Bai sayi gado ba, katifa ya shimfiɗa a ƙasa. Kujerun ɗakinsa na wani ne da aka mayar gida ya bar masa.

Matarsa Indo ta iso bayan shekara biyu. 'Yar ƙaramar mace ce mai yawan dariya, kuma ban taɓa ganin mahalukin da ya tsani sanyi kamarta ba. Daga Nuwamba zuwa Maris ba ka ganinta a waje sai dole. Tana zaune jikin bututun da ke ɗumama ɗaki, ƙudundune cikin bargo, tana saƙa wa mijinta wata suwaitar. Na ɗauka zan samu mai goya mini baya, ashe bakinsu ɗaya.

"Malam Shitu, ƙyale shi," ta ce. "Ranar da Malam ya shigo ɗakin nan da kwat, ranar zan fid da rai da Zariya."

A bayan ƙofarsu akwai akwatin ƙarfe ɗaure da igiya, cike da tsaraba: agogo na mahaifinta, rediyo, tocila, yadudduka. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma sau da yawa na ga Indo tana goge akwatin nan da tsumma alhali babu ko ɗigon datti a kansa.

Tafiyar ce ta ƙi yiwuwa. Aka yi juyin mulki a gida, ya ce bari ƙura ta lafa. Kafin ta lafa yaƙi ya ɓarke, ofis ya ce kowa ya tsaya inda yake sai an ga abin da hali ya yi. Kowace shekara ganye ya zube, Mainasara ya fito da suwaitocinsa, ya ce wannan ne na ƙarshe.

A farkon Janairun 1970 tari ya kama Indo, ya sauka mata a ƙirji, aka kwantar da ita a asibiti. Tana can labari ya zo cewa yaƙi ya ƙare. Ofis ya kaure da murna, manya da ƙanana ana ta rungumar juna. Mainasara ya ajiye mota ya tafi asibiti ya gaya mata. Ya ce mini ta yi murmushi ta ce, "To Malam, a ƙara ɗaure akwati." Bayan kwana biyu, da hantsi, ta cika.

Bai yi kuka ba. Na zauna da shi a ɗakin, 'yan tsirarun mutanenmu suna shigowa gaisuwa, kowa ya ce masa yaya haƙuri, ya ce da godiya, murya ɗaya, kamar mai biya karatu. Ya tashi ya wanke kofuna biyu da ke wanke, ya kife su, ya dawo ya zauna. Wallahi haushi ya kama ni, ban san na wa ba. Da ya fasa ihu da na fi samun sauƙi.

Sauda ce ta zo da maganar da ta fi mutuwar nauyi. Nas ce 'yar zangon Kumasi, ita ta yi wa Indo wanka ta suturta ta.

"Malam, akwai problem," ta ce. "Masu haƙa kabari duka suna strike, garin nan gaba ɗaya. Sun ce sai dai a ajiye ta a fridge har su koma aiki. Ko wata ɗaya, ko biyu, ba wanda ya sani."

Mainasara ya daɗe yana kallon bututun da take zama jikinsa. Can ya ce, "Indo ba ta son sanyi." 

Muka bazama neman mafita. Daga ƙarshe wata maƙabarta a yankin Queens ta yarda cewa wanda addininsa bai yarda da jinkiri ba yana iya zuwa ya haƙa da hannunsa, masu yajin aiki ba za su tare shi ba. Sai dai sun gargaɗe mu cewa ƙasa ta daskare ta zama kamar siminti. Na dawo na gaya masa, na kuma dubi abin da ke jikinsa.

"Ba a haƙa kabari da babbar riga," na ce.

Ya ɗaga hannun rigar ya duba, kamar yau ya fara ganinta. Ya ce, "Kai ni kanti."

Shekaru ina jiran in ji kalmar nan daga bakinsa, har na tanadi irin tsiyar da zan yi masa a hanya. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa har Canal Street, na ajiye tsiyar a gefe.

Kantin na tsofaffin kayan soja ne, dogo, mai duhu, yana warin kafur da man takalmi. Mai shi wani dattijon Bature ne mai tabarau. Na yi masa bayani cewa rigar sanyi muke so, ya sauko da guda uku ya shimfiɗa a kan tebur. Ni na ɗauki mara nauyin cikinsu, wata gajera da ta sha jiki.

"Wannan ta isa," na ce wa Mainasara. "Aikin yini ɗaya ne. In ka tashi tafiya sai ka bar wa wani ɗalibi."

Ko kallonta bai yi ba. Ya kai hannu kan wata koriya mai nauyi, irin wadda Turawa ke kira parka, ya murza yadin tsakanin yatsu kamar mai tayin shadda. Da farko ya nuna wadda ta fi kowacce girma, domin shi a saninsa riga ta mutunci ita ce mai yalwa. Dattijon ya girgiza kai, ya ce sanyi ba ya son komai kamar wurin shiga, ya zaro masa daidai jikinsa.

Sai da ya tuɓe babbar rigar ya miƙo mini na riƙe. Rigar sojan ta sauko masa har gwiwa. Tana da hula a haɗe mai gashi a baki, da shafi mai kauri da ake maƙalawa da maɓallai daga ciki, da igiya a ƙugu, bayanta kuma ya tsage biyu da 'yan igiyoyi na ɗaurewa a cinya. Bai iya jan zif ɗin ba, hannunsa ya yi ta kuskurewa. Mai kantin ya zagayo ya ja masa har haɓa, kamar ana shirya yaro makaranta.

Akwai madubi a gefe, bai je wurinsa ba. Ya matsa tsakiyar kantin, ya buɗe ƙafafu, ya haɗa hannu biyu ya ɗaga sama da kai, ya sauke da ƙarfi har ya sunkuya. Ya sake. Ya sake. Yana gwada ko kafaɗar za ta riƙe shi in ya ɗaga diga. Sannan ya dafa gwiwoyi ya yi ruku'u, ya miƙe.

Dattijon ya cire tabarau, ya tambaya wa ya rasu.

"Matata," in ji Mainasara.

Mutumin ya ce ba mu ne na farko ba a makon nan. Ya shiga ciki ya fito da diga da shebur biyu, ya ce mu nemi gawayi mu hura wuta a kan wurin tukuna, in ba haka ba digar za ta yi ta tsalle ne kawai. Mainasara ya saurara ya gyaɗa kai. Sannan ya kama bakin hannun rigar ya tambaya, "Za ta daɗe?"

"Don sanyin Koriya aka ɗinka ta," in ji dattijon. "Wannan sai dai ka mutu ka bar ta."

"Ita nake so."

Na ji maganar sarai, amma na ɗauke ta a zafin rashi. Muka fito yana sanye da ita, ni ina rungume da babbar riga.

Washegari da safe mu biyar muka je. A gida da karan dawa ake auna mamaci, nan babu kara, sai muka auna akwatin gawar da igiyar shanyar Indo. Muka zuba gawayi muka hura, muka tsaya muna kallonsa yana ci, masu yajin aiki suna can bakin ƙofa da kwalayensu suna kallonmu. Da wutar ta mutu muka share toka aka fara. Ko a gida ba a barin mai rashi ya wahala da haƙa, amma Mainasara ya riƙe digar nan ya hana kowa. Mu dai kwashe ƙasa muke yi. Tururi yana fita ta bakin hularsa, ba ya nishi, ba ya hutawa, ba ya duban kowa.

Kafin la'asar muka sallace ta muka rufe. Ya tsaya a kan kabarin, hannuwa cikin aljihu.

"An gama?" ya ce.

"An gama."

"To."

Da bazara takardar komawarsa gida ta fito, abin da ya shekara bakwai yana jira. Ya ce ba ya zuwa. Ofis ya ce ba a ƙin canjin wuri, ya ajiye musu makullin mota, ya samu aikin gadin filin ajiye motoci a unguwar Jamaica, kusa da filin jirgi, inda mutum ke yini a tsaye a waje. Na same shi a ɗaki na buɗe masa wuta. Na ce ya haukace ne, ga danginsa can suna jira, ga iyayen yarinya, wa yake da shi a garin nan? Na faɗi maganganu da yawa, yana zaune a kan katifa yana saurare.

Da na gaji ya ce, "Malam Shitu, ni na ɗauko 'yar mutane na kawo ta ƙasar sanyi. Na ce mata baɗi, na ce mata baɗi. Yanzu in hau jirgi in bar ta ita kaɗai cikin Turawa? Wa zai je ya yi mata sallama?"

Na tashi na fita. Kuma daga ranar bai sake ce mini Bakano ba, Malam Shitu kawai, da ladabi, kamar wani baƙo. Na yi ta tsokanarsa ko zai rama, sai ya yi ɗan murmushi ya ce haka ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Haka ya ƙarasa shekarunsa. Aiki, masallaci, ɗaki. Kowace Juma'a in an sauko ya hau bas zuwa Queens, ya tsaya a kan kabarin gwargwadon abin da ya tsaya, ya dawo. Da ganye ya fara zuba zai sauko da rigar daga ƙusa, ya maƙala shafinta, ba ya cewa komai game da baɗi. Ni ne ma na gaji maganar. Ofis ya sallame ni, na kama wani aikin, iyalina suna Kano, kullum ina rubuta musu cewa wannan sanyin ne na ƙarshe.

A ƙarshen 1978 zuciyarsa ta tsaya yana bakin aiki. Ashe tun shekarar da Indo ta rasu ya kama wurin da ke gefenta, nan muka sa shi. Wannan karon injin ne ya haƙa, ba mu taɓa ko shebur ba.

Da muka dawo, ni da Sauda muka buɗe ɗakin don a raba kayansa sadaka. Ba wani abin kirki. Katifa, kofuna biyu, akwatin nan a bayan ƙofa da ɗaurinsa yadda Indo ta bar shi. Rigar tana rataye a ƙusa, an dawo da ita daga wurin aikin. Na duba ta ciki da waje. Launin ya ɗan koɗe a kafaɗa, amma ko zare ɗaya bai saki ba. Dattijon bai yi ƙarya ba.

"Malam Shitu, kwat ɗinka ya mutu tun bara," in ji Sauda. "Ka ɗauka mana."

Na ce a'a, ni da zan tafi gida da bazara me zan yi da ita. Sauda ta ci gaba da naɗe suwaitoci. A waje ƙanƙara ta fara sauka. Na daɗe a tsaye, sannan na sauko da rigar na zura hannu. Ta zauna mini daidai.