Dankali Mai Jan Ciki

Ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, can gefen Gwiwa, aka kawo mana wata malamar aikin gona 'yar Filato. Da damina ta faɗi, ta roƙi hedimasta filin da ke bayan ajujuwa, inda awakin gari ke kwanciya. Muka kewaye shi da ƙaya, muka shuka zogale da alayyafo da wake, da wani dankali da ta zo da igiyarsa a buhu, wai cikinsa ja ne kamar gwanda. Ta ce za a riƙa dafa mana wani, sauran a kai kasuwa a gyara rufin ajinmu da ke yoyo.

Na koma gida da ƙasa a wando. Baba ya dube ni.

"Daga makaranta kake ko daga gona?"

"Gonar makaranta ce, Baba."

"Na hana ka bin mu gona don ka yi karatu, su kuma sun miƙa maka fartanya? Kada in sake ji."

Washegari na faɗa wa Malama, kaina a ƙasa. Ta ce ba za ta sa ni saɓa wa mahaifina ba, in zauna ƙarƙashin darbejiya in riƙa kallo. Haka na yi har kaka. 'Yan ajinmu suna noma suna raha, ni ina inuwa da littafi a cinya, ko layi ɗaya ba ya shiga kaina. Na kasa gane ko gata ake yi min ko horo.

Ranar da aka fara dafa dankalin, haɗe da kwaɗon zogale, aka zuba min kamar kowa. Na riƙe kwanon na rasa abin yi. Ban noma ko kunya ɗaya a gonar ba, amma kuma Baba bai ce kada in ci ba. Na ci rabi, na ƙulle sauran a leda na kai wa Inna. Ta ɗanɗana, ta miƙa wa ƙanwata, wadda kullum sai an yi dambe da ita kafin ta ci tuwo. Yarinyar ta cinye tas tana neman ƙari.

"Gobe ka roƙo min igiyarsa," in ji Inna.

"Baba fa?"

"Noma ya hana ka, bai hana ka roƙo ba."

Malama ta ba ni, Inna ta dasa a bayan ɗakinta, inda ruwan wanke-wanke ke malala. Da Baba ya gani ya tambaya, ta faɗa masa gaskiya. Na laɓe ina jiran faɗa. Sai ya tsugunna ya daɗe yana juya ganyen, ya tashi ya yi tafiyarsa.

Da wata daminar ta zo, shi da kansa ya loda taki a amalanke ya ce in raka shi makaranta. Ya gaisa da Malama cikin mutunci, ya sauke takin, ya karɓi igiyar dankali dami guda don gonarsa. A hanyar dawowa na yi ƙarfin hali.

"Baba, ke nan bana zan shiga aikin?"

"A'a. Kai karatu ne naka."

Har na gama firamare ina ƙarƙashin darbejiyar nan, ina cin dankalin a makaranta, ina cinsa a gida. Daga baya aka mayar da Malama Roni, wani malami ya ci gaba da gonar. Baba ya tsufa yanzu, kuma har yau ban tambaye shi abin da yake nufi da kai taki gonar da ya hana ni shiga ba.