Saran Maciji a Gaɓar Gulbi

Ko tsufa zai kwashe min hankali, ba zan manta da ranar da taubashina ya yi wasiyya a gaɓar gulbi ba. Shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara ce, lokacin da ko kazar maƙwabci ta shigo gidanka, sai ka kore ta da sauri don kada a yi maka wani zato. A shekarar ne zabina suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Muzurun unguwa ya sha jifa a hannuna, shi kuwa taubashin nan har duwatsu yake miƙo min.

Da rani muka je yankan tubali a gulbin da ke bayan Dauran. Ruwa ya janye, sai ɗan kududdufi. A kan reshe akwai wani ɗan tsuntsu shuɗi mai dogon jan baki. Yakan zauna tsit, sai ya faɗa ruwa ya fito da kifi, ya bubbuga shi a reshe ya haɗiye. Muna aiki muna kallonsa, har muka daina ganinsa.

Can taubashina ya hango rami a jikin gaɓa, ya rantse na gafiya ne. Na ce ramin ya yi ƙanƙanta, ga shi yana ƙarnin kifi. Mutumin da kwaɗayi ke ja ai ba ya jin magana. Ya zura hannu har gwiwa, sai ya kurma ihu ya zube, yatsa na jini, yana cewa maciji ne.

Gaskiya na tsorata ƙwarai. Na ɗaure masa hannu da rawanina, masu tubali suka kewaye mu. Ya yi kalmar shahada, ya ba ni amanar iyalinsa, sannan ya riƙe rigata.

"Ɗan'uwa, ka yahe mani. Zabbinka ba muzuru na ba. Ni nac cinye su."

Ina hawaye na ce na yafe duniya da lahira. Ban rufe baki ba sai ga tsuntsun nan ya fito fit daga ramin, ya koma reshensa. Ashe a gaɓa yake haƙa rami ya yi ƙwai. Wani dattijo ya duba yatsan ya ce tsattsaga ce kawai.

Mamaci ya tashi zaune. Ya dubi shaidu, ya dubi hannunsa, ya cusa shi cikin hammata.

"Zahin dahi na ya sa ni sambatu," in ji shi.

"Dahin tsuntsu?" in ji dattijon. Har masu jakunan da ke dakon tubali sai da suka faɗi don dariya.

Ban kai shi gaban alƙali ba, na riga na yafe a gaban jama'a, kuma har yau abin na ci min rai. Tun daga ranar na koyi darasi: duk wanda ya nemi gafarata a bakin mutuwa, sai na leƙa ramin tukuna.