Yadda Sajan Ya Gano Innarsa a Rusaifa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da Sajan, gari bai gama wayewa ba. Jama'a, ga labarin Umarar da kuka ishe ni da tambaya a kanta tun da na dawo. Ga wanda bai san mu ba, ni tsohon sufeton 'yan sanda ne a sashen bincike, shekarata huɗu da ritaya. Sajan kuwa abokin aikina ne na shekara goma sha tara, mota ɗaya, ofis ɗaya, sau da yawa ma kwano ɗaya. Shi ma ya ajiye kaki, amma har yau bakina bai iya kiran sunansa ba, shi ma bai daina ce mini Oga ba.

Ni ibada kawai ta kai ni. Shi kuwa da amana a wuyansa. Mahaifiyarsa, wadda muke ce wa Iya, ta haura tamanin, ciwon ƙafa ya zaunar da ita a garinsu can ƙasar Gobir. Tana da ƙanwa mai suna Kande, wadda ta bi mijinta aikin hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, tun Sajan bai shiga makaranta ba, kuma ba ta dawo ba. Wasiƙa ɗaya ta taɓa zuwa ta hannun wani alhaji, ita ma ta ɓace tuntuni, abin da ya rage a kan Iya daga cikinta kalma ɗaya ce, Rusaifa. Da ya je yi mata sallama ta riƙe hannunsa ta ce ko labarin rasuwa ne ya kawo mata, ta dai san irin addu'ar da za ta riƙa yi wa 'yar'uwarta kafin ita ma a kira ta. Kwana huɗu gare mu a Makka.

A jirgi na ciro littafina. 'Yata da ke aikin jinya a Ostireliya ce ta ɗora ni a kan littattafan binciken laifi na ƙasar, duk mai zuwa gida sai ta ba shi biyu ko uku, yanzu abin ya zame mini jaraba. Yawancinsu fasali ɗaya ne, amma ba na gajiya. A tsinci gawa a wani ƙauyen makiyayan tumaki da fari ya cinye, a turo 'yan sanda biyu daga birni, tafiyar yini guda babu ko rumfar mai shayi. Kowa a garin ya san abin da ya faru, kowa ya kulle bakinsa. Ni ba mai kisan ne ke riƙe ni ba, zaman mutum biyun nan a mota ne. Babban ya cika baki, ƙaramin ya cika lura, suna jin haushin juna, amma kowanne ya san shi kaɗai ba zai kai ko'ina ba. Sajan ba ya karatun Turanci don nishaɗi, sai na riƙa ba shi labarin da Hausa. Ya saurara tsawon lokaci, sannan ya ce, "Oga, su waɗannan ba sa gaisawa ne? Daga shiga gidan mutum sai tambaya?" Na yi dariya har na ƙware, na ce masa ai halin Turawa ke nan.

Mun ɗaura harami tun daga Kano, don haka da aka sanar an kusa miƙati muna zaune muna kallon masu rububin banɗaki. Sajan ya ɗaure nasa tamau kamar zai fita faretin safe. A Jidda aka ɗauki hoton yatsunmu, mu da muka tsufa muna ɗaukar na mutane, har saurayin jami'in yana gyara mini yadda zan ɗora babban yatsa. Mai tasi ya ce riyal ɗari biyu zuwa Makka, na taya ɗari, muka tsaya a ɗari da hamsin, kowa yana ganin shi ya ci riba. Hanya shimfiɗe sumul, baƙaƙen duwatsu dama da hagu, babu ramin da zai tashe ka daga gyangyaɗi.

Ganin Ka'aba ba na iya ba ku labarinsa. Na yi kuka, kuma ban ji kunya ba. Mun yi ɗawafi cikin cunkoso, ga 'yan Indonesiya a jere riƙe da mayafin juna, ga Turkawa ƙarfafa da ba sa kauce wa kowa. Duk zagayen bakwai Sajan yana bayan kafaɗata ta hagu, inda ya saba tsayawa. Muka yi Safa da Marwa, muka yi aski, muka koma masauki ƙafafu kamar na aro.

Washegari muka karya da gurasar tamis mai zafi da ful, wato wake da aka dafa ya yi lugub aka kwarara masa mai, sannan muka nufi Rusaifa. Unguwa ce babba, shaguna jere, teloli, masu gyaran waya, masu wanki da guga. Kana tafe sai ka ji Hausa ta faɗo daga wani shago, rabinta Larabci. Uba ya yi magana da Hausa, 'yarsa ta amsa da Larabci, kuma sun fahimci juna sarai. Abin da ya fi faranta mini rai tsire ne. Namu na gida, da ƙuli da yaji, a nan sereya suke ce masa, kuma da idona na ga Larabawa da fararen jallabiyoyi sun yi layi suna jira a yanka musu. Na ji kaina ya ƙara girma.

To, a nan muka tafka ta. A shekarun aikinmu muna da tsari wanda ba mu taɓa zama mun tsara ba. Ni ne mai shiga, in yi sallama a gajarce, in ciro ɗan littafi da biro, in fara tambaya. Sajan kuma ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, yana karanta fuskoki. Haka ƙafafunmu suka yi da kansu a Rusaifa. Shago bakwai muka shiga. Ko'ina amsa ɗaya, "Ma a'rif, wallahi ban sani ba, Allah ya sa a dace." A wani gidan wanki ma ma'aikata biyu suka sulale ta ƙofar baya. Maimakon in gane, sai na ji daɗi, na raɗa wa Sajan cewa mutanen nan suna ɓoye wani abu, kamar dai a littattafan nan nawa.

Na ƙarshe wani dattijo ne mai tsire, gemu fari fat. Na faɗa masa sunanta, sunan mijinta, sunan garinsu, har ina rubuta amsarsa. Ya ce, "Ya shaikh, Kande nawa ne a Makka? Khalas, shi ke nan, in nama za ka ci, tafaddal, bismillah." Na fita a fusace. A mota na yi ta faɗa, wai mutanenmu sun sha ruwan Makka sun manta da zumunci. Nan take na yanke hukuncin cewa iyalin sun tashi sun koma Zahir, wata unguwar da na ji an ce akwai Hausawa. Kwana na uku ɗungurungum a Zahir muka ƙarar da shi, kasuwa kasuwa, rana tana dukanmu, ba mu samo ko ƙanshin labari ba.

Bayan la'asar muna zaune a Harami, na lura Sajan bai ci komai ba tun safe. Saura yini ɗaya. Ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce, "Oga, in ba za ka ji haushi ba, mu muka ɓata binciken nan. Ka ga yadda muka shiga jiya? Kai da littafi da biro, ni na tare ƙofa. A unguwar da wani iƙamarsa ta ƙare, wani ɗan'uwansa ba shi da ita sam." Iƙama ita ce takardar izinin zama a ƙasar. Ya ci gaba, "Kuma dattijon nan mai tsire ya san ta. Da ka ambaci sunan garinmu wuƙarsa ta tsaya, ya saci kallon layin da ke bayan masallaci."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun jiya?"

Ya ce, "Ka riga ka ce Zahir, Oga."

Wallahi maganar nan ta soke ni. Mahaifiyarsa ce, innarsa ce, amma ya bi ni yini guda cikin rana don kawai na riga na yi magana. Na tuna dariyar da na yi wa 'yan sandan Ostireliya a jirgi, kunya ta rufe ni. Na ce masa gobe shi ne Oga. Ya ce to umarninsa ɗaya ne, in bar littafin a masauki, in zauna in ci nama, kada in ce uffan.

Da hantsi muka koma. Sajan ya yi sallama, ya zauna a benci, ya cire takalmi. Ya gaida dattijon gaisuwa ta gaske, aiki, iyali, zafi, gajiya, har Gobirancinsa da Kano ta binne shekaru ya taso. Tambaya ko ɗaya bai yi ba. Labarin Iya kawai ya bayar, ƙafarta, yadda ta riƙe hannunsa, abin da ta ce. Ni kuwa ina gefe ina tauna, tambayoyi sun kai goma a bakina, ina haɗiye su da albasa.

Dattijon ya gama yanka tsinken da ke hannunsa, ya goge wuƙa. Ya ce, "Shekaranjiya na ɗauka masu duba iƙama ne suka yi shigar alhazai. Tsayuwar nan taka a bakin ƙofa, wallahi har yanzu tana raina." Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Wadda kuke biɗa, ba mai ce mata Kande a nan. Ummu Salihu ce. Tana nan da ranta, alhamdulillah. Ƙawar mai ɗakina ce." Ya bar wa abokin sana'arsa wuta, ya shige gaba, muka bi shi layin bayan masallaci.

Hawa na uku ne, matakala matsattsa. Surukar Ummu Salihu ta shigar da mu falo, aka kawo gahawa da dabino. Can sai ga wata 'yar tsohuwa ta fito tana dafa bango, zanen Gobirawa a kumatunta ya dusashe amma yana nan. Ta ƙura wa Sajan ido ta ce, "Ɗan wa?" Ya durƙusa ya faɗi sunan da ake kiran Iya da shi tun tana budurwa. Tsohuwar ta ce, "Allah ya jiƙanta." Ya ce, "Inna, tana raye. Ita ta aiko ni." Sai kawai ta zame ta zauna a ƙasa. Ashe shekaru da yawa da suka wuce wani alhaji ya kawo mata labarin cewa yayarta ta rasu, alhali wata ce daban, tun daga lokacin ta daina cigiya, duk azumi sai ta yi mata ɗawafi a matsayin mamaciya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk a nan aka haife su, jikoki kuwa Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba.

Sajan ya kira ƙanwarsa a gida, kiran da ake ganin juna, aka kai wa Iya wayar. Tsofaffin nan biyu suka yi ta kallon juna. Iya ce ta fara magana, kuma da faɗa ta fara. "Kande, haka ake yi? A tafi hajji shekara hamsin?" Falon ya kaure da dariya da kuka lokaci guda, har dattijo mai tsire yana share ido da gefen hiraminsa. Ni na tashi na koma wajen taga. Na halarci ƙarshen bincike da yawa a rayuwata, yawanci da ankwa ake rufe su, ban taɓa ganin irin wannan ba.

Muka yi ɗawafin bankwana, muka kamo hanya da zamzam, da dabino, da mayafin Inna Kande na kanta da ta ce a kai wa yayarta. Da muka sauka Kano ko gida ban leƙa ba, muka ɗauki mota sai Gobir. Ramukan hanya suka yi mana maraba yadda suka saba, na ji lallai na dawo.

Mun tarar da tsakar gidan Iya cike da maƙwabta. Ta rungume mayafin ta daɗe tana shinshina shi. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Sufeto, Allah ya yi maka albarka. Tun da aka ce da kai za a tafi na san za a gano ta." Jama'a suka ɗauki amin. A shekarunmu na aiki haka ake yi, rahoto ya tafi da sunana a sama, yabo ya zo gare ni, ni kuma in karɓa ban gyara ba. Wannan karon na ce, "Iya, ni kam saura kaɗan in ɓatar miki da ita. Ɗanki ne ya gano ta, da idonsa da bakinsa. Ni nama kawai na ci." Ta dubi Sajan kamar yau ta fara ganinsa, ta yafito shi. Mutum mai shekara kusan sittin ya sunkuya, ta ɗora tafinta a kan ƙwal-kwabonsa tana sa masa albarka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Kaki yana fita daga jiki ya bar tsayuwarsa, kuma mutane suna ganinta ko da kai ba ka gani. Sannan shekara goma sha tara ina tafe a gaba, ba na juyowa in tambayi na bayana me ya gani sai in na ga dama. Ina alfahari da mutumin nan ƙwarai, kuma a hanyarmu ta komawa Kano na faɗa masa haka da bakina, karo na farko. Ya ce, "Na gode, Oga," ya juya fuskarsa wajen taga, bai sake juyowa ba har muka yi nisa.