Wasiƙar idon Inna da ta yi kwana tara a ƙofa

Shekaru kaɗan da suka wuce, bayan na bar lakwal, wato makaranta, na samu aiki a wani ƙaramin biro, ofishin maƙeran azurfa, a nan Agadas. Aikina amsa wasiƙun masu saye a ordinater, na'urar kwamfuta. Shugabanmu dattijo ne, Baba muke ce masa, kuma doka ɗaya ya kafa mini: kada in rubuta modepas, kalmar sirrin wasiƙunmu, a duk tagar da ta ɓullo tana tambaya, ɓarayi ne. Shi kansa modepas ɗin a takarda yake, cikin jakar fatar da ke rataye a wuyansa.

A lokacin idon mahaifiyata ya fara dushewa. Likita ya ce a aika hotunan idon zuwa Yamai ta imel, akwai masu aikin ido da za su zo, amma ranar Juma'a ta sama za a rufe sunaye.

Ana cikin haka ƙawata, wadda ta karanci na'ura, ta sauya mana manhajar wasiƙu, wai tsohuwar ta gaji. Baba ya zaro takardarsa, ya buga modepas da yatsa ɗaya, wasiƙu suka shigo rututu. Washegari ya tafi suna Iferwan.

Na haɗa hotunan, na danna aikawa. Wata taga ta ɓullo tana neman modepas. Na rufe ta, har da jin kaina mai wayo. Wasiƙar ta ɓace daga gabana, na ce ta tafi.

Kwanakin nan kamar a mafarki na yi su. Bayan azahar sai in zauna bakin ƙofa, ƙarar guduma tana tashi a hankali, ina ganin wasiƙata tana tafiya bisa rairayi kamar ayarin gishiri daga Fashi, ba gaggawa, ba tsayawa. Har likitar Yamai nake gani, mace mai farin tabarau, tana ɗaga hoton idon Inna wajen haske. Da amsa ta ƙi zuwa na ce rezo ne, layin sadarwa ya yi rauni. Mu nan komai rezo ne, sai a jira. Inna kuma ta riƙa tambaya tana laluben butarta, ni ina ce mata mutanen Yamai aiki ya yi musu yawa.

Ranar Alhamis ƙawata ta biyo shan shayi, na yi mata ƙorafin likitoci marasa amsa. Ta ja kujera, ta buɗe wani akwati da ban taɓa dubawa ba, na wasiƙun da ke jiran fita. Goma sha ɗaya ne a ciki. Ta Inna ce ta farko.

"Ke, ba inda suka je," in ji ta. "Ƙofar shigowa daban, ta fita daban. Kowace sai an ba ta makulli."

Mun kira Baba ya fi sau goma, sai bayan la'asar ya ɗauka, yana cikin garka, ina jin kukan ruwa a bayansa. Ya ce shi bai faɗin wannan abu a waya. Na buɗe baki in yi bayani, kuka ya riga ni.

"Baba, idon Inna ne. Gobe za su rufe."

Sai na ji ƙarar takarda.

"Rubuta, 'yata. Kuma kada ki gaya wa kowa na karya dokata."

Ya karanto ɗaya bayan ɗaya, ƙawata tana bugawa. Akwatin ya riƙa raguwa har ya zama fanko. Da hantsin Juma'a amsa ta zo, an sa sunan Inna.

An yi aikin. Ido ɗaya ya dawo sarai, ɗayan sun ce ya riga ya yi nisa. Na tambayi likitar ko kwana tara za su iya yin haka, ta ce a'a, abin ya daɗe. Na yarda da ita, yawancin ranaku.

Abin da na koya ƙarami ne: ɓacewar abu daga gabanka ba isarsa ba ce. Har yau in na aika wasiƙa sai na leƙa wancan akwatin, sannan in kira a waya in ji ko ta iso. Abokan aiki dariya suke mini.

Inna ba ta san komai ba. In baƙi sun zo takan nuna ni ta ce, ga wadda ta aika idona Yamai cikin ƙiftawa ɗaya. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ci gaba da zuba shayi.