Wa Zai Ɗinka Maka?

Duk wanda ya san Gwaggo Asabe ya san allurar nan da take sokewa a gefen mayafinta, da zare a hancin allurar, kullum cikin shiri. Ko gaisuwar mutuwa za ta je, da ita take zuwa. In ta hango yagewa a jikin mutum, to ya shiga uku, don ba za ta ce ya tuɓe ya kawo ba. A jikinsa za ta ɗinke, yana tsaye yana zufa, mutane suna wucewa suna kallo. Tana ɗinki tana jefa masa tambayar da kusan kowa a nan ya sha: "Wa zai ɗinka maka?" Ba ta jiran amsa. Ta datse zaren da haƙori, ta mai da allurarta, ta wuce abinta.

Ni ɗan ƙanenta ne. A gidanta na zauna a Kabo lokacin da nake ƙaramar sakandare, domin Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu tun ina rarrafe. Saboda haka in ana lissafin waɗanda allurar nan ta soka, ni ne shugaba, sauranku duk mabiya ne.

Wata ranar kasuwa muka shiga mota daga Kabo za mu Gwarzo, ta samu wuri a bayan direba. Ba mu yi nisa ba na ga idonta ya tsaya a kafaɗarsa, inda rigar ta ɓarke. Na raɗa mata cewa ta bari mu isa tasha, ta yi kamar da kujera nake magana. Ta zaro allura ta fara aiki, mota tana gudu. Can muka faɗa wani rami, allura ta shige naman bawan Allah, ya kurma ihu ya ce wace irin tsohuwa ce wannan za ta kashe mu. Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni ɗinkina a miƙe yake," in ji ta. "Tuƙinka ne a karkace."

Wallahi daga nan har Gwarzo mutumin nan lallaɓa motar ya yi, yana kauce wa kowane rami. Da muka sauka, wani dattijo ya yi wa Gwaggo godiya, ya ce tunda yake bin hanyar nan bai taɓa isowa da ƙugunsa lafiya ba sai yau.

Tattali kuwa ba a magana. Telolin kasuwar Gwarzo sun san ta, suna tara mata ƙyallaye a buhu. Da su ta haɗa mini bargo, wanda in na shanya shi a waje sai ka ga maƙwabta sun tsaya, kowa yana nuna rigar Sallarsa ta bara. Zare ba ta saye. Tsohuwar riga za ta warware a hankali, ta naɗe zaren a guntun kara. Da na fara aiki, na sayo mata sabon farin zare mai kyau, ina jin kaina wani babban mutum. Ta juya shi, ta sunsuna, ta sa mini albarka, sannan ta jefa shi a aljihun keken ɗinkinta ta ce wannan sai babbar rana. Aka yi bukukuwa, aka yi sunaye, Sallah ta zo ta wuce, babbar ranar Gwaggo ba ta zo ba.

To amma abin da ya sa sunanta ya zauna a garin nan, ranar zaɓen darasi ce.

A makarantarmu, in yaro ya shiga aji biyu, yakan zaɓi darasin sana'a ɗaya: noma, ko kasuwanci, ko tattalin gida, wato ɗinki da girki, wanda Gwaggo take koyarwa. Yadda ake zaɓen kuwa namu ne mu kaɗai. Bayan taron safe, kowane malami zai je gindin bishiyarsa ya tsaya. Malam Isiyaku na noma a gindin mangwaro, malamin kasuwanci a gindin darbejiya, Gwaggo a gindin tsamiya. Sai a buga ƙararrawa, kowane yaro ya je ya tsaya bayan malamin da yake so. Sunansa zaɓe, amma kowa ya san inda zai ƙare: mata tsamiya, maza su raba kansu tsakanin sauran biyun. Ba a taɓa ganin ƙafar namiji a gindin tsamiya ba.

Shekarar da muka shiga aji biyu sai aka kwashe 'yan matan gaba ɗaya aka mai da su makarantar mata, wadda take da tata malamar. Shugaban makarantarmu, Malam Ɗanjuma, ya kira Gwaggo ofis ya gaya mata cewa darasinta ya ƙare. Kekunan ɗinki za su bi 'yan matan, ita kuma za a ba ta makullin ɗakin ajiya ta riƙa raba alli. Gwaggo ta ce ita ba ta ga inda aka rubuta cewa maza ba sa sa wando ba, don haka a bar ta ta tsaya a gindin tsamiyarta kamar kullum. Suka yi ta ja. Da ya gaji, ya ce ya ji, in har ta samu yaran da za su cika benci uku, darasin ya tsira, in ba haka ba ta karɓi makulli. Sai kuma bakinsa ya zarce.

"Malama, ki daina wahalar da kanki a kan 'ya'yan mutane. Kullum kina tambayar kowa wa zai ɗinka masa. Ke wa zai ɗinka miki?"

Maganar nan ta soke ta. Ranar ta dawo gida ba ta ci tuwo ba, ta zauna gaban kekenta tana goge shi alhali babu ƙura. Na ji tausayinta har cikin raina. Amma Gwaggo ba ta iya dogon baƙin ciki ba. Washegari ta yafa mayafi ta ce in raka ta garin Gude, inda yawancin 'yan ajinmu suka fito.

Ta samu iyayen a majalisarsu, ta tsaya daga gefe ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, gida da gona da gajiya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Alhaji Mamman, wanda yake da yara biyu a ajin, ya gyara babbar rigarsa ya ce su dai ba su kai 'ya'yansu boko don su koyo aikin mata ba. Gwaggo ta yaba rigar, ta tambayi wanda ya ɗinka. Ya ce Audu Tela mana. Ta tambayi wanda yake soya masa ƙwai da safe a bakin tasha, da wanda yake gasa burodin da yake haɗawa da shi. Duk maza. Alhaji ya ce ai wannan sana'a ce, dabam take da abin da ake yi a aji.

"To, Alhaji," in ji Gwaggo, "allurar Audu gemu gare ta?"

Majalisa ta tuntsire da dariya, har da shi Alhajin. Sai dai dariya ba alkawari ba ce. Muka dawo ba wanda ya ce zai turo ɗansa, ni kaina mahaifina ya aiko cewa kasuwanci zan zaɓa.

Akwai wani a ajinmu, Garba, wanda muke kira Ƙato. Ya girme mu, ya fi wasu malaman tsawo, kuma a kokawa ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. Mahaifiyarsa ta rasu, yana zaune wurin kawunsa. Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, Gwaggo ta gan shi ya ɗaure yagewar wandonsa da waya. Ta tare shi, ta zaro allura, ta yi tambayarta ta kullum. Shi kuwa ya amsa.

"Babu kowa, Malama."

Tunda take tambayar nan ba wanda ya taɓa amsa mata. Maimakon ta ɗinke, sai ta miƙa masa allurar, ta zaunar da shi a kan dakali, ta nuna masa yadda ake soka da yadda ake ja. Ɗinkin ya fito kamar sawun kaza, amma shi ya yi da hannunsa. A tsawon rayuwarta, ranar ce kaɗai na ga allurar nan a hannun wani.

Ranar zaɓe ta faɗo a lokacin yankan gero. Yawancinmu sai da muka leƙa gona da sassafe kafin mu taho, ciki babu komai, hannu duk kanta. Malam Isiyaku, don ya burge mu, ya jera sababbin fartanyoyi a gindin mangwaro suna ƙyalli. Ka ji kuskure! Yaran da suka ajiye kayan gona ɗazun nan, su kake wa kwalliya da fartanya? Gwaggo kuwa ta sa na ɗauko mata keke ɗaya, da murhu, da kasko, da ƙullun waken da ta jiƙa tun jiya. Ta ɗebi toka ta watsa sama ta ga inda iska take kaɗawa, ta sa na matsar da murhun yadda hayaƙi zai bi ta kan layinmu. Malam Ɗanjuma yana jawabi a kan muhimmancin zaɓe, ƙamshin ƙosai yana ratsa mu. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya.

Aka buga ƙararrawa. Wasu suka nufi darbejiya, 'yan kaɗan suka ja ƙafa zuwa mangwaro, sauran muka tsaya cirko-cirko. Kowa yana son tsamiya, kowa yana tsoron ya zama na farko. Gwaggo tana juya ƙosai kamar ba abin da ya dame ta.

Sai Garba ya fito. Ya ratsa filin nan shi kaɗai, da facinsa mai kama da sawun kaza, bai waiwaya ba. Wani daga baya ya ce, "Amarya ta tafi." Garba ya tsaya, ya juyo a hankali, ya tambaya wa ya yi magana. Filin ya yi tsit, har tafasar mai kana ji. Ya ƙarasa ya tsaya bayan Gwaggo, ya harɗe hannu.

Ni ne na biyu, saƙon mahaifina kuwa na bar shi a layi. Bayana 'ya'yan Alhaji Mamman, su biyun. Daga nan sai abin ya ɓalle, har waɗanda suka riga suka isa darbejiya suka riƙa sulalowa. Malam Isiyaku ya taho a fusace yana cewa wannan ba zaɓe ba ne, sayen ƙuri'a ne da ƙosai. Gwaggo ta ce kowa kayan aikinsa ya baje, ita ga nata.

"Kai ma soya fartanyar ka ba su, Malam."

Shugaban makaranta ya juya baya don kada a ga yana dariya. Benci uku aka ce, sai da aka aro wasu daga ajin noma. Kuma kada ku ɗauka mun ci ƙosan nan a ɓagas. Sai ka zura zare a allura tukuna, sannan ta ba ka rabi. Rabi fa! Wanda ya kasa, ya koma bayan layi yana haɗiyar yawu.

Masu zuwa don ƙosai sun sha mamaki, domin Gwaggo a aji ba wasa. Ɗinki ya karkace, ka warware. Ka sake, ka sake warwarewa, kuma da zaren nan dai za ka maimaita. Amma kafin shekara ta ƙare, mu muka ɗinka wa 'yan ƙwallon makaranta rigunansu. Malam Isiyaku ya huce, har ya riƙa aiko mata da wake daga gonar makaranta, shekara ta gaba kuma ɗansa na cikinsa ya wuce mangwaro ya tsaya a tsamiya. Yau ku zaga kasuwar Gwarzo ku tambayi masu shagon ɗinki inda suka fara riƙe allura. Garba yana da yara cike da shago. Ɗaya daga 'ya'yan Alhaji Mamman gidan burodi gare shi, uban kuma ba ya cin na kowa sai nasa.

Ranar da Gwaggo ta rasu, kafin a gama yi mata wanka ƙofar gida ta cika da 'yan tsamiya, wasu da furfura. Aka kawo farin yadi za a ɗinka likkafani, Garba ya ce ba baƙon hannun da zai taɓa shi. Na shiga neman zare, na jawo aljihun kekenta, sai ga farin zaren nan da na saya mata, ko kwance shi ba a yi ba. Allurar kuma tana gefen mayafinta. Muka zauna a tabarma muka jeru, allura tana zagayawa hannu zuwa hannu don kowa ya samu rabonsa. Liman ya ce ai ɗinkin likkafani ba ya son ƙawa, a kama kawai. Garba ya duba inda na ɗinka, ya girgiza kai, ya ce Malama ba za ta karɓi wannan ba, in warware. Muka yi dariya, hawaye yana zuba, na kuwa warware.

Malam Ɗanjuma yana zaune a gefe, ya tsufa, da sandarsa. Ya daɗe yana kallon layin mazan nan da suka sunkuya a kan yadi ɗaya. Sannan ya share ido da hannun riga, ya ce, "Na taɓa yi mata wata tambaya. Yau na ga amsa."

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe. Yadda ta bi mu tana rufe mana yagewa ba mu roƙe ta ba, Allah Ya rufa mata asiri, Ya yafe kurakuranta, Ya tufatar da ita da tufafin Aljanna waɗanda ba sa bukatar faci. Amin.