Ɗan Karen Maƙwabciyata

Ni ban tashi ina son kare ba. A gidanmu na Damagaram kare a waje yake, aikinsa gadi, ba mai taɓa shi. Da wannan tarbiyya na zo Saint-Denis, inda maigidana yake tuƙi, ni kuma nake aiki a kicin ɗin wata makaranta.

Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa Bafaranshiya wadda mijinta ya rasu. Ni gaisuwa da tsari na saba: lafiyar jiki, sannan gida, sannan yara. Ranar da na fara tambayarta mutanen gida da ɗan Faransancina, ta ce ƴarta ɗaya ce, tana Lyon. Sai ta nuna ƙasa. Wani ɗan farin kare ne mai gashi kamar auduga, bai fi mage girma ba, irin wanda suke ce wa bishon.

"Ga mutanen gidan," in ji ta.

Tun daga ranar na sa shi cikin gaisuwa, a ƙarshe, bayan ƴar. Amma in ya matso ina tattare zanena.

Halinsa na san shi ba da niyya ba. Ba ya cizo. Haushinsa ba ya korar ko ɓera, baƙo ma murna yake yi masa. Abu ɗaya ya iya, zama kusa da mutum. In tsohuwa ta tashi ya tashi, in ta shiga wanka ya kwanta a bakin ƙofa. In ta yi masa faɗa ya juya mata baya, jim kaɗan ya manta. Ni ma ya karance ni. Ya daina yi mini tsalle, sai ya zauna nesa kaɗan yana kaɗa wutsiya har in gama gaisuwa.

Wata shekara cikin sanyi tsohuwa ta faɗi ta karye a ƙugu. Ƴarta ta zo ta kai ta gidan kula da tsofaffi a Villeurbanne, kusa da ita. Can ba a karɓar dabba. Ƴar ta bar mini makulli, ta ce in riƙa ba karen abinci zuwa ƙarshen wata, in an kwashe kayan ɗakin za ta miƙa shi inda ake tara karnukan da ba su da mai su.

Na yi masa tsari. Da safe kafin aiki in fitar da shi, in zuba abinci, in wanke hannu. Da yamma ma haka. Fita yana fita, abinci ya ƙi. Kullum ina tarar da shi kwance kan silifas ɗinta. Haƙarƙarinsa suka fara bayyana ƙarƙashin gashin.

Na ce wa maigida, "Malam, abin nan zai mutu."

"To me kike so? In shimfiɗa masa darduma kusa da tawa?"

"Ban ce ya shigo ba."

"Ke da kike wanke zane in ya shinshine ki."

"Har gobe ina wankewa. Amma amana aka ba ni."

Sai ya ce, "Asabar ba kya aiki. Jirgin ƙasa kuma yana zuwa Lyon."

Ranar Asabar na sa karen a jakar da tsohuwa take ɗaukarsa a ciki. A jirgi ko motsi bai yi ba, na riƙa leƙawa in ga ko yana numfashi.

Ƴar ta tarbe ni a tasha fuska a ɗaure. Da muka isa gidan tsofaffin, aka turo tsohuwa a keken marasa lafiya zuwa lambu, don nan kaɗai aka yarda ya shiga. Ta rame sosai. Ban gama buɗe jakar ba ya fito. Bai yi haushi ba. Na ɗora shi a cinyarta da hannuna, ya cusa kai cikin rigar sanyinta.

"Tsohon banza," ta ce masa, "dubi yadda ka koma."

Ta ciro guntun biskit daga aljihu ta ba shi. Ya ci, ya lashe tafin hannunta.

Ƴar ta daɗe tana kallonsu. Ta ce gidanta ƙarami ne, mijinta ba zai so ba, ita kuma tana aiki har yamma. Ban ga laifinta ba, don ni ma ban buɗe masa ƙofata ba.

Da lokacin tafiya ya yi na miƙa hannu zan ɗauki jakar, sai ƴar ta riga ni. Ta tambaye ni me yake ci, yaushe ake fitar da shi. Na faɗa mata bi da bi, ta ce in sake faɗa a hankali.